Kujerar da Ba Ta da Soja Ko Ɗaya

A ƙarshen watan Agustan 2016 wani jirgin ruwan dakon kaya na ƙasar Denmak ya tashi daga tashar Misrata ta Libiya, jiragen yaƙi na masa rakiya. A cikinsa akwai tankuna ɗauke da sinadarai kimanin tan 500. Ba su kai ga zama makami ba, amma da su ake haɗa makami mai guba, kuma su ne ragowar abin da gwamnatin Mu'ammar Gaddafi ta shafe shekaru tana tarawa. A daidai lokacin ana can ana gwabzawa da mayaƙan IS a birnin Sirte, wanda ba shi da wani nisa a kan wannan gaɓar teku. Aka wuce da kayan Jamus, wani gari da ake kira Munster, inda aka lalata su kaf kafin ƙarshen 2017.

Mutumin Daura yana da dalilin da zai kasa kunne ga wannan labari. Daga Daura 'yar tafiya ce zuwa kan iyakar Kongolam a ƙasar Mai'aduwa. Daga nan hanya ta miƙe ta Matamaye da Damagaram da Tanut har Agadas, ta ratsa hamada ta Dirku zuwa Sabha, tsohuwar hanyar fatake wadda yau 'yan cirani da motocin kaya ke bi. Arewa da Sabha, a yankin Jufra, nan rumbun gubar Gaddafi na Ruwaga yake. Kowa ya ga yadda bindigogin Libiya suka kwararo Sahel bayan 2011, suka shiga hannun da bai kamata ba daga Mali har gaɓar tafkin Chadi. Gubar ce ba ta biyo su ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, in ji masu iya magana, kuma a wannan karon wasu ne suka shafa ruwan tun kafin wutar ta iso.

Waɗannan wasu su ne ma'aikatan hukumar hana makamai masu guba ta duniya, OPCW, mai hedikwata a birnin Hague na ƙasar Holan. Ma'aikatanta kusan 500 ne kacal. A samansu akwai mutum ɗaya, babban darakta, wanda ba shi da soja ko ɗaya, ba shi da gidan yari, ba ya iya ƙaƙaba wa kowa takunkumi da kansa. Ya yi kama da alƙalin da ba a ba shi dogarai ba: hukuncinsa yana tafiya ne gwargwadon yadda masu ƙara suka yarda ba a saye shi ba. Tarihin wannan kujera tun 1997 tarihi ne na yadda aka gina wannan yarda, da yadda manyan ƙasashe suka sha gwada ƙarfinta.

Yaƙi da guba ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. 'Yan baka na sarakuna, a Daura da Katsina da Kano, sun san yadda ake dafa 'ya'yan kwankwani a shafa wa kan kibiya, dafin da ke tsayar da zuciya ko da raunin bai taka kara ya karya ba. A yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, kwamandan rundunar Turawa. Amma a zauren malamai akwai wata magana daban. Duk almajirin da ya kai babin jihadi a Muktasar na Shehu Halilu ya san an lissafa kibiya mai dafi cikin abubuwan da aka haramta a yaƙi, kuma daga cikin dalilan da masu sharhi suka kawo akwai tsoron kada abokin gaba ya tsince ta ya dawo maka da ita. Wannan dalili ɗaya, cewa guba ba ta san mai ita ba, shi ne ginshiƙin duk yarjeniyoyin da suka zo daga baya.

Abin da ya sauya a ƙarni na 20 shi ne yawa. Ranar 22 ga Afrilun 1915, kusa da garin Ypres na Beljiyam, sojojin Jamus suka buɗe dubban tukwanen ƙarfe suka saki sama da tan 150 na iskar kulorin, iska ta kwashe ta zuwa ramukan Faransawa. Cikin waɗanda ta fara riska akwai sojojin Aljeriya da Faransa ta kwaso daga Afirka. Kafin yaƙin duniya na ɗaya ya ƙare a 1918, guba ta kashe kimanin mutum 90,000, ta jikkata sama da miliyan ɗaya. A 1925 aka ƙulla yarjejeniyar Janiba, wadda ta hana amfani da irin wannan makami amma ba ta hana ƙera shi ko ajiye shi ba, kuma ba ta ɗora wa kowa alhakin zuwa ya duba ba. Afirka ce ta biya kuɗin wannan giɓi. Sifaniya ta zuba gubar mastad a kan mutanen Rif na Maroko. Italiya, wadda ta sa hannu a Janiba, ta yi wa Habasha ruwan ita wannan guba daga jiragen sama a 1935 da 1936, ta ƙona fatar soja da manomi da dabba. Sarki Haile Selassie ya je Janiba da kansa a watan Yunin 1936 ya kai kuka, aka saurare shi, aka tashi. Sai a 1941 aka kori Italiya, kuma cikin waɗanda suka yi wannan aiki akwai birget ta 23 ta sojojin Nijeriya, rundunar da ake ba ta umarni da Hausa, wadda ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu ta nausa zuwa Harar.

A shekarar 1936 ɗin dai wani masanin haɗa sinadarai a kamfanin IG Farben na Jamus, Gerhard Schrader, yana neman maganin ƙwari mai ƙarfi sai ya faɗa kan gubar tabun. Shekara 2 bayan nan aka samo sarin. Dangin waɗannan guba suna nan a kasuwanninmu. Mai shiga kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa bayan kaka zai ga ƙananan kwalabe jere a faifai ko a tebur kusa da masu sayar da iri da taki, wasu da takarda a jiki, wasu babu. Fiya-fiya ke nan. Manomi zai saya ya yayyafa a buhun wake don kada ƙwaro ya huda, uwar gida ta ɗiga a lungun ɗaki saboda sauro da kuɗin cizo. Sinadarin da ke ciki, dikulobos, yana toshe abu ɗaya da sarin ke toshewa a jijiyoyin jiki, sai dai ƙarfinsa bai kama ƙafar na sarin ba. Shi ya sa wanda ya sha shi yawu ke dalala, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi ya sarƙe, kuma allurar atrofin da likita zai nema ita ce dai ake ba sojan da sarin ta taɓa. Saboda wannan sinadari Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Fiya-fiya ba ta cikin jerin gubar yaƙi, amma tana nuna wahalar aikin: masana'antar da ke yin maganin ƙwari, ko tawada, ko sabulu, tana taɓa kayan da za a iya karkatar da su. Ba za a rufe masana'antun duniya ba. Dole a samu wanda zai riƙa shiga yana dubawa.

Kisan Halabja ne ya zaburar da duniya. Ranar 16 ga Maris 1988 jiragen Saddam Hussein suka yi wa wannan gari na Kurdawan Iraƙi ruwan guba, kimanin mutum 5,000 suka mutu, uwaye rungume da jarirai a bakin ƙofa. Da yaƙin cacar baka ya lafa, aka kammala sabuwar yarjejeniya, ƙasashe 130 suka sa hannu a birnin Paris a tsakiyar Janairun 1993. Ta fara aiki ranar 29 ga Afrilun 1997. Nijar na cikin waɗanda aka fara da su, domin ta tabbatar da amincewarta a farkon wannan wata. Nijeriya sai a watan Mayun 1999, kwanaki kaɗan kafin Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa mulki, kuma ofishin da ke kula da yarjejeniyar a Abuja yana ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya.

Tsarin da aka yi hawa uku ne. Akwai babban taron dukan ƙasashe, kowace da ƙuri'a ɗaya. Akwai majalisar zartarwa mai kujeru 41, Afirka na da 9. Sai sakatariya, wato sufetoci da masana, wadda babban darakta ke jagoranta na shekara 4, ana iya sabunta masa sau ɗaya. Yarjejeniyar ta hana shi da ma'aikatansa neman umarni ko karɓar sa daga kowace gwamnati. Sufetocinsa suna ƙirga bama-bamai ɗaya bayan ɗaya, su liƙa hatimi a ƙofar rumbu, su tsaya a kan aikin lalatawa dare da rana. In aka ɗebo ƙasa ko jini daga inda ake zargi, a kan raba samfurin a tura ɗakunan gwaji aƙalla 2 a ƙasashe daban-daban, kowanne ya yi nasa ba tare da jin ta bakin ɗaya ba.

Wanda ya fara hawa kujerar jami'in diflomasiyyar Barazil ne, José Bustani. Mutum ne mai kafiya, wanda ya ɗauki wancan sharaɗi na rashin karɓar umarni da gaske. A hannunsa ƙasashen hukumar suka ƙaru daga 87 zuwa 145, kuma a shekarar 2000 aka sabunta masa wa'adi tun na farkon bai ƙare ba, babu ƙasar da ta ja. Ba a cika shekara 2 ba Amurka ta ce sai ya sauka. A fili an zarge shi da rashin iya sarrafa kuɗi da mu'amala da ma'aikata. Shi kuwa ya ce laifinsa na gaskiya shi ne yana lallashin Iraƙi da Libiya su shigo hukumar. Da Iraƙi ta shigo, sufetoci za su shiga su duba, kuma in suka fito suka ce ba su ga komai ba, hujjar yaƙin da gwamnatin George Bush ke shiryawa ta rushe. Bustani ya sha ba da labarin yadda John Bolton, babban jami'in ma'aikatar harkokin wajen Amurka a lokacin, ya zo har ofishinsa a Hague ya ba shi sa'a 24 ya ajiye aiki, har ya tuna masa cewa an san inda 'ya'yansa suke zaune. Ya ƙi.

Aka kai batun majalisar zartarwa a watan Maris 2002, ba a sami kashi biyu cikin uku da ake buƙata ba. Sai Amurka, wadda ke biyan kashi 22 cikin 100 na kasafin hukumar, ta sa aka kira taro na musamman. Ranar 22 ga Afrilun 2002 aka kaɗa ƙuri'a: ƙasashe 48 suka ce ya tafi, 7 suka ce a'a, 43 suka ƙaurace. Lissafin ya ishi mai hankali. Waɗanda ba su goyi bayan tsigewar ba sun fi waɗanda suka goya yawa, amma ƙa'ida ba ta ƙirga wanda ya yi shiru. Bayan wata 11 aka mamaye Iraƙi, kuma ba a taɓa samun sabbin makaman da aka ce tana ƙerawa ba, sai tsofaffin harsasai masu tsatsa na zamanin yaƙinta da Iran. A watan Yulin 2003 kotun ma'aikata ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya a Janiba ta yanke cewa korar ta saɓa doka, ta ce bai halatta ƙasashe su cire shugaban irin wannan hukuma don kawai sun ga dama ba, ta ba shi diyya. Kujerar ba ta dawo masa ba. Amma hukuncin ya zama katanga ga waɗanda suka biyo shi, kuma zalunci ne a ba da tarihin hukumar a tsallake wannan mutum.

Rogelio Pfirter na Ajantina ya gaji gidan da ya tsage, ya yi shekara 8 yana ɗinki ba hayaniya. A zamaninsa ƙasashe suka kai 188. Albaniya ta zama ta farko da ta gama lalata nata a 2007, Indiya ta gama a 2009, Iraƙi ma ta shigo a wannan shekara. Shi ya buɗe shiri na musamman don Afirka a 2007, wanda ke horar da masu binciken ɗakin gwaji da jami'an agajin gaggawa da 'yan kwastan, domin jami'in da ke tsaye a kan iyaka irin ta Kongolam ko Jibiya ya iya gane gangar da sunanta ke cikin jerin da ake sa wa ido.

A zamaninsa ne kuma Gaddafi ya miƙa wuya. A watan Disambar 2003 ya sanar da watsar da shirin, a farkon 2004 Libiya ta shiga hukumar, ta bayyana kimanin tan 25 na gubar mastad da sama da tan 1,300 na kayan haɗi. A gaban sufetoci katafila ta bi ta kan kwanson bama-bamai fiye da 3,500 ta murƙushe. Masana'antar Rabta, inda ake dafa gubar, aka mayar da ita ta magani. Aikin ya yi ta jan ƙafa, kuma a watan Fabrairun 2011, an ci kusan rabin mastad ɗin, na'urar ta lalace, yaƙi ya ɓarke, sufetoci suka fita. Bayan faɗuwar Gaddafi sabbin mahukunta suka gano ɗaruruwan harsasan atilare cike da mastad da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Wannan ya nuna raunin tsarin a fili: hukumar tana ƙirga abin da aka nuna mata ne. Yarjejeniyar ta ba kowace ƙasa damar neman a yi wa wata binciken ba-zata, amma har yau babu wadda ta taɓa nema.

Wanda wannan rikici ya faɗo wa shi ne Ahmet Üzümcü, tsohon jakadan Turkiyya a ƙungiyar tsaro ta NATO, da ya karɓi aiki a watan Yulin 2010. Ya mayar da sufetoci Ruwaga cikin ƙasar da ba ta da gwamnati tsayayya, aka ƙone sauran mastad ɗin a farkon 2014, kuma shi ya haɗa ƙasashen da suka fitar da kayan Misrata bayan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da izini a watan Yulin 2016.

Amma Siriya ce ta sa duniya ta san sunansa. Da asubar 21 ga Agustan 2013 rokoki masu sarin suka faɗa unguwannin Guta a gefen Damaskas, ɗaruruwan mutane suka mutu a kan shimfiɗunsu, wasu ƙididdiga sun ce sama da dubu. Amurka ta ɗaura ɗamarar kai hari, Rasha ta shiga tsakani, Siriya ta amince ta shiga hukumar a tsakiyar Satumba. Ranar 1 ga Oktoba sufetocin farko suka isa Damaskas. Ba a taɓa kwance wa ƙasa irin wannan makami ana tsakiyar yaƙi ba. Sufetocin da suka saba da farar riga da takardun masana'anta suka sa sulke da hular kwano. Ƙasar ta bayyana kimanin tan 1,300. Aka riƙa jigilar su a manyan motoci zuwa tashar Latakiya, jiragen Denmak da Norwe suka ɗauka, kuma da ƙasashe suka yi ta noƙewa kan karɓar mafi haɗari daga ciki, sai aka ɗora na'urori a wani jirgin Amurka mai suna Cape Ray, aka kashe kaifin kusan tan 600 a tsakiyar tekun Bahar Rum. Kaya na ƙarshe ya bar Siriya ranar 23 ga Yunin 2014. Tun a watan Oktoban 2013 aka ba hukumar kyautar zaman lafiya ta Nobel, Üzümcü ya karɓa a Oslo.

Murna ba ta daɗe ba. Jirage masu saukar ungulu suka fara jefa ganguna cike da kulorin, sinadarin da ake tace ruwan sha da shi, wanda ba a buƙaci kowa ya miƙa shi ba. Üzümcü ya kafa tawagar gano gaskiya a watan Afrilun 2014, wata guda bayan nan bam ya tashi da ɗaya daga motocinta kusa da Kafr Zita. Tawagar tana iya cewa an yi amfani da guba, amma ba ta da hurumin cewa wane ne ya yi. Nan Nijeriya ta shigo. A watan Agustan 2015, wata na uku da hawan Muhammadu Buhari, ɗan Daura, kan mulki, Nijeriya ce ke riƙe da shugabancin Kwamitin Sulhu, kuma jakadiyarta Farfesa Joy Ogwu ce a kan kujera. Ranar 7 ga watan kwamitin ya amince baki ɗaya da ƙuduri mai lamba 2235, wanda ya kafa kwamitin haɗin gwiwa da zai kama suna. Ya kuma kama: gwamnatin Siriya a harin kulorin na Talmanis da Sarmin da na sarin a Khan Shaikhun ranar 4 ga Afrilun 2017, ƙungiyar IS a harin mastad na Mari'a. Da ya kama suna sai Rasha ta hau kujerar naƙi a watan Nuwamban 2017, kwamitin ya mutu.

Shekarar 2018 ta zo da zafi. A watan Maris aka shafa gubar Novichok a ƙofar tsohon ɗan leƙen asirin Rasha Sergei Skripal a garin Salisbury na Ingila. A watan Afrilu aka kai hari garin Duma na Siriya, kuma a wannan watan jami'an tsaron Holan suka kama wasu 'yan Rasha 4 da na'urorin kutse a bayan mota, a otal ɗin da ke maƙwabtaka da hedikwatar hukumar. Ranar 27 ga Yuni, ƙasashe 82 suka rinjayi 24 aka ba sakatariyar kanta ikon faɗin mai laifi. Hukumar da ta saba yanke komai da yardar kowa ta koma ƙirga hannu. Ana cikin wannan yanayi Buhari ya je Hague ya yi jawabi ranar 17 ga Yuli a bikin cika shekara 20 na dokar da ta kafa kotun manyan laifuka ta duniya, dokar da ta sa amfani da guba cikin laifukan yaƙi. Kwana 8 bayan haka, a wannan birni, Fernando Arias na Sifaniya ya karɓi ragamar OPCW.

Batun Duma ya fi komai ci wa Arias tuwo a ƙwarya. Rahoton Maris 2019 ya ce akwai ƙwararan dalilai na cewa an yi amfani da kulorin. Sai takardun cikin gida suka fita waje, suka nuna wasu tsofaffin sufetoci biyu ba su gamsu ba, ɗayansu ma yana ganin ajiye tukwanen aka yi da hannu, ba jefo su aka yi ba. Arias ya sa aka yi bincike, ya ce mutanen biyu sun karya amanar sirri, kuma ba su da cikakken bayanin da aka tattara daga baya. Bustani, daga ritaya, ya ce a saurare su. A watan Oktoban 2020 Rasha ta gayyace shi ya yi magana a Kwamitin Sulhu, ƙasashen Yamma suka ƙi, aka kaɗa ƙuri'a: 3 suka yarda, 6 suka ƙi, 6 suka ƙaurace, cikinsu har da Nijar. A Janairun 2023 sabon ayarin bincike ya fitar da dogon rahoto, ya ce jirgi mai saukar ungulu na sojan saman Siriya ne ya jefa tukwanen, mutum 43 suka mutu. Hujjojin rahoton suna da nauyi, kuma mai adalci zai yi wuya ya ture su. Duk da haka hana tsohon shugaban hukumar magana kuskure ne, domin ya ba masu shakka abin riƙewa, kuma ya tuna wa ƙananan ƙasashe abin da aka yi masa a 2002.

A cikin wannan guguwa Afirka ta sami matsayinta mafi girma a hukumar. Odette Melono, wadda ta daɗe tana jakadancin Kamaru a Holan kuma ta taɓa shugabantar majalisar zartarwa, ta zama mataimakiyar babban darakta a 2019. Waɗanda suka riƙe wannan muƙami kafin ita sun fito ne daga Ostireliya da Birtaniya da Siri Lanka da Indiya. Ita da Arias ne ke kan aiki ranar 7 ga Yulin 2023, lokacin da aka lalata roka ta ƙarshe mai sarin a rumbun soja na Blue Grass a jihar Kentucky. Rasha ta gama da nata kusan tan 40,000 tun Satumbar 2017, Amurka ta zo ƙarshe, shekara 11 bayan wa'adin 2012. Jimillar abin da ƙasashe suka bayyana, tan 72,304, ya ƙare a gaban idon sufetoci. Babu wani nau'in makamin kare dangi da aka taɓa yi wa haka.

Kujerar babban darakta kuwa har yanzu ba ta zo Afirka ba, duk da cewa 52 daga cikin ƙasashe 193 na hukumar na wannan nahiya ne, kuma a nan aka fi ɗanɗana abin da rashin mai dubawa ke haifarwa, daga Rif zuwa Habasha. Sau biyu ta je Kudancin Amurka, sauran kuma rukunin ƙasashen Yamma. Wani ɓangare na laifin namu ne: ƙasashe da dama na nahiyar ba su kammala dokokin cikin gida da yarjejeniyar ta wajabta ba, kuma ba a samun shugaban irin wannan hukuma sai an shekara ana tura matasa masu ilimin sinadarai su yi aikin sufeto, a san su a san aikinsu. Jami'o'in Katsina da Dutsinma da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Daura suna yaye irin waɗannan matasa, kuma hukumar tana tallata guraben aiki da horo a fili.

A watan Nuwamban 2025 babban taro ya naɗa jakadiyar Suwizalan, Sabrina Dallafior, ta gaji Arias daga Yulin 2026, mace ta farko a kujerar. Abin da ke jiran ta ba kaɗan ba ne. Bayan faɗuwar shugaban Siriya Bashar Assad a Disambar 2024, Arias ya je Damaskas a watan Fabrairun 2025 ya gana da sabon shugaban ƙasar, Ahmad al-Shara'a, kuma hukumar ta ƙiyasta akwai wurare sama da 100 da ke buƙatar dubawa. A Yukiren gwaje-gwajenta sun tabbatar da hayaƙi mai sa hawaye a gurnetin da aka tsinta a fagen daga, abin da yarjejeniyar ta hana a yaƙi. A watan Mayun 2025 Amurka ta zargi sojojin Sudan da amfani da guba a 2024, Khartum ta musanta, kuma Sudan ƙasa ce da Hausawa masu yawa ke zaune a cikinta tun zamanin tafiya hajji a ƙafa. Isra'ila ta sa hannu a 1993 amma ba ta tabbatar ba, Koriya ta Arewa da Masar da Sudan ta Kudu kuwa ba su shiga ba sam.